Muƙaman Lado a Kalankuwar Dandamisa

Duk mai lissafa manyan Dandamisa da bai fara da Lado ba ya ci amanar tarihi. Shi ne ya taɓa zuwa Kaduna, ya ɗan kwana biyu yana goge wa wani akawu keke, ya dawo da baƙin tabarau da kalmar "oda". Samari suka laƙaba masa Na-Kaduna, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Kakar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka shirya kalankuwa, wasan da samari da 'yan mata ke raba wa juna muƙamai suna kwaikwayon hukuma. Lado ya tara su a gindin rimi.

"Oda! Tawaga sai da tsari," in ji shi. "Mai hukunci ɗaya, mai kamu ɗaya, mai magani ɗaya. Ni zan daure in ɗauki wahalar zama Minista."

Aka yaba da wannan sadaukarwa. Amma da aka fara gwaji sai ya lura Alƙali ake durƙusa wa. Nan take ya karɓe rawanin Alƙali daga kan Sada, wani salihin manomi, ya jefa masa rigar Minista. Washegari ya ga Ɗandoka na da usur, ya koma Ɗandoka. Da aka naɗa Zulai ma'aikaciyar jinya, wadda za ta zauna gefen Likita, sai tausayin marasa lafiya ya kama shi. Ya haɗa abin awon ƙirji da tsohon tiyon keke da gwangwani, ya zama Likita, ya kafa dokar cewa duk wanda ya ajiye muƙami ya ajiye ke nan.

Ranar wasa Zulai ta fito a matsayin uwargidan Minista, ta zauna kusa da Sada. Ashe 'yan mata ma suna da nasu tsarin.

Lado ya yi jifa da tiyo, ya doshi kujerar Minista. Sada ya tuna masa dokarsa cikin ladabi. Ya juyo, ya tarar wani ya riga ya rataya tiyon. Mai ruwan ido ai da wuya ya ci kasuwa. Muƙami ɗaya ya rage, ɓarawon akuya.

Ɗandoka ya busa usur ya damƙe shi. Lado na fizge-fizge yana ihu, "Kun san ko ni wane ne? Oda! Oda!" Alƙali ya tsugunar da shi gaban Zulai, jama'a na ta tafi.

Dattawa suka ce ba su taɓa ganin wanda muƙami ya dace da shi haka ba. Suka roƙi alfarmar baɗi kada a canza masa.