Masa a Gaban Suruki, Kai Tsaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Hamma Sule ba, kuma ko na so in manta dangin matata ba za su bar ni ba. Har yau idan na tuna sai in ji raina yana tafasa, matsalar kawai ita ce na rasa wanda zan sauke wa fushin. Na gwada ɗora laifin a kan kwamfuta, na gwada mutanen da suka ƙirƙiri manhajar, na gwada matata. Kowa a cikinsu yana da kasonsa, kuma yanzu zan raba musu a gabanku.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a nan Azare, a gefe kuma ina taɓa harkar yaɗa taro kai tsaye, irin su wa'azi da walima da bikin yaye ɗalibai. Akwai manhajar da nake aiki da ita, wadda ake jona wa kyamarori da hotuna da sauti, kai kana zaune kana zaɓar abin da mutane za su gani a wayoyinsu. Tagogi biyu ne a fuskarta. Ta hagu tana nuna abin da ke jiran layi, ta dama kuma ita ce abin da duniya take kallo a daidai lokacin. Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, da wannan nake fara masa, har da buga tebur nake cewa idon mai aiki ba ya barin tagar dama. (Wanzami dai ba ya son jarfa, za ku gani.)

Matata Dija Bafulatana ce, iyayenta mutanen Udubo ne da suka dawo Azare da zama. Ni kuwa Bahaushen cikin gari ne, ɗan masu sayar da atamfa. Lokacin da na je neman aurenta, wata ƙanwar mahaifinta, Goggo Yelwa, ta yi tsalle ta dire ta ce ba za a ba Kaɗo 'ya ba, mutanen da suke cin abinci a bakin titi suna gaisawa da baki cike. Mahaifin Dija, wanda kowa yake kira Baffa, shi ne ya ce yaron yana da kunya, ya gani a idonsa, a ba shi. Tun daga ranar na ɗauki wannan shaida na ɗora a kaina. A wurinsu suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ba ya kai wa baki. Na riƙe wannan fiye da su kansu Fulanin. Na sha wuni a gidan maƙogwaro a bushe, ana miƙo nono ina kau da kai. Ba ni da saniya ko ɗaya, kunyar nan ita ce duk abin da nake taƙama da shi a gidan.

To sai matar Hamma Sule, yayan Dija, ta haifi namiji, shi kuma yana aiki a Saudiyya bai samu hutu ba. Ya kira ni ya ce, "Malam, ka taimaka in ga sunan ɗana ko a waya ne." Mai hankali da waya ɗaya zai ɗauka ya kira shi ta bidiyo, an wuce wurin. Ni kuwa na ce ai sai an yi abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Katagum. Na ɗauko kyamara, na mayar da wayata kyamara ta biyu, na tsara hoton taya murna da rubutu mai ruwan zinariya. Na ciro talabijin ɗin falona na kafa a ƙarƙashin rumfa, wai don dattawa su riƙa ganin abin da yake fita. Babu wanda ya roƙe ni wannan. Sannan na baza sanarwa a zauren dangi na waya, 'yan Itas da Sakwa da Kano duk suka ce za su kalla.

Ana gobe suna na gwada kayan a gida. Da yake ba wanda zan haska, sai na kunna 'yar kyamarar da ke goshin kwamfutar na haska kaina, na ba ta nata madanni, na ga komai lafiya na rufe. Ban cire ta daga jerin ba.

Sunan ya faɗo ranar Litinin. Da sassafe na isa, cikina babu ko ruwan shayi, na kafa kwamfuta a ɗan shagon da ke ƙofar gida, na ja wayoyi zuwa rumfa. Kuma a yi mini adalci, aikin ya yi kyau. Liman ya raɗa suna na haska shi, aka shafa fatiha na juya kan jama'a, aka raba goro da dabino na kawo fuskar Baffa kusa har ana ganin farin gemunsa ɗaya-ɗaya. Hamma Sule yana ta rubuto godiya daga can. Sai aka fara fito da tire-tire na masa da miyar taushe, ƙamshin man shanu ya cika unguwa.

Na fito in gyara tsayuwar kyamara, wadda take dab da tabarmar Baffa. Wani tsohon abokinsa, wani Alhaji daga Sakwa da bai san ko ni wane ne ba, ya kamo hannun rigata.

"Mai hoto, zauna ka sa hannu. Tun ɗazu kake kai-komo."

Na ce na gode. Ya ce babu wannan magana. Na ce na ƙoshi. Ya ce wace irin ƙoshi da sanyin safiya, ya matsa ya buɗe mini wuri, gwiwata har tana taɓa ta Baffa. Idanu suka dawo kaina. A nan ne bakina ya yi mini abin da maƙiyi ba zai yi ba.

"Azumi nake, Alhaji."

Wallahi ban shirya ta ba, kawai jin ta na yi ta fito. Baffa, wanda ba ya cika kallona ido da ido, ya ɗago kai ya ce, "Azumin Litinin. Madalla, Allah ya karɓa." Ya juya ya faɗa wa na kusa da shi wani abu da Fulatanci. Ban ji duka ba, amma na gane yabo ne. Na koma shago ina jin kaina kamar wani waliyyi, cikina kuma yana ƙugi.

A nan kason Dija ya shigo. Ita ba ta san na zama mai azumi ba, ta san dai na fito ban karya ba. Ta turo ƙofar ciki, ta ajiye faranti a rufe, ta ce, "Ka ci kafin ta huce, ba mai shigowa," ta fice. Na buɗe. Masa ce mai taushi, an malala mata miya, ga tsoka a sama. Na dubi ƙofar waje, na dubi faranti. Na ce astagfirullah, ai ni ban ɗauki niyya ba, ba azumin da zan karya. Na ɗora hoton taya murna a tagar dama don masu kallo su huta, na saka sakata, na tuɓe hula.

Kafin in fara ci, sai son yabo ya motsa. Na jawo shafin da mutane suke rubuta ra'ayi na shimfiɗa shi a kan tagar dama, don in riƙa ci ina karanta yadda ake kambama ni. Teburin ƙarami ne, na jawo farantin gabana, gefensa ya hau kan madannai. Ashe ya danna wancan madannin na jiya. Ita kuma manhajar, ɗabi'arta ce idan aka canza sai tagogin su yi musaya: fuskata ta tafi dama, inda na rufe, hoton taya murna ya dawo hagu. Na ɗaga ido na ga hoto yana nan da ruwan zinariyarsa, hankalina ya kwanta. Ni ɗin nan mai buga tebur.

Ba zan ɓoye muku irin cin da na yi ba, tunda rabin Katagum sun gani. Na naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Masa biyu nake haɗawa in naɗe in tsoma, in tura, in bi yatsu da lasa. Ina ci ina waiwayen ƙofa kamar akuyar da ta samu rumbu a buɗe. Da ma na yi shiru, da da sauƙi. Sai da baki cike na ce, "Wannan kunya ta Fulani wata rana sai ta kai mutum kabari. Su sha nono tun asuba su ƙoshi, su bar Bahaushe da ƙugin ciki." Manhajar kuwa idan ta ɗauki kyamara, da makirufonta take ɗauka.

Sai na ga fuskokin dariya suna ta hawa a shafin ra'ayi. Wani ya rubuta, "A ci lafiya." Na ɗauka da mutanen rumfa yake, har na sa ɗan ƙaramin yatsana mai tsabta na amsa masa da "Mun gode." Dija ta yi ta kirana, Hamma Sule ma ya kira tun daga Saudiyya, amma wayata tana can kan ƙarfe tana aikin kyamara, kuma ni da hannuna na toshe kira don kada ya katse shirin. Sai da Hamma Sule ya rubuta: "Malam, kai muke kallo fa. Akwai miya a gemunka."

Na janye shafin. Na ga wani mutum ba hula, kumatu a kumbure, ido a waje, yana kallona.

Yanzu ku ba ni dama in yi magana a kan waɗanda suka ƙirƙiri wannan manhaja. Idan za ka goge wani hoton banza, sai ta tsare ka da tambaya, ka tabbata, ka tabbata? Amma za ta ɗauki fuskar magidanci da masa a baki ta kai gaban surukinsa, ko uffan ba za ta ce ba, sai wani ɗan jan layi siriri da ta zagaya tagar da shi. Na tabbata mutanen nan ba su da surukai, in ma suna da su tare suke cin abinci a tebur ɗaya. Su kuma dangi masu tura fuskar dariya, a cikinsu akwai waɗanda suke cikin gidan, taku kaɗan tsakaninmu. Ba wanda ya ga ya dace ya zo ya buga ƙofa. Amma an samu mai natsuwar da ya naɗi abin a wayarsa, don tarihi.

Na kai hannu in canza, yatsun duk maiƙo, suka zame. Na rufe kwamfutar gaba ɗaya. Rahama ɗaya aka yi mini: na kashe muryar talabijin tun farko don kada ta riƙa ƙara da makirufo. Dattawa sun ga hoto, ba su ji magana ba.

Na so in zauna a shagon har a tashi duniya, amma kayana suna waje. Na goge gemu, na mayar da hula, na fito. Alhajin Sakwa ya cusa fuska cikin babbar riga, kafaɗunsa suna rawa. Sauran kowa ya samu abin kallo a saƙar tabarma. Baffa ya juya wa talabijin baya yana jan carbi. Bai dube ni ba ya ce, "Malam, mantuwa ce, ɗan Adam ne. Wanda ya ci da mantuwa azuminsa yana nan. Kurkure baki ka ci gaba." Dattawa suka amsa, "Haka ne, haka ne." Sannan ya sa aka ɗauke farantin daga shago, wai kada in sake mantawa. Ko rabi ban ci ba.

Haka na wuni a gidan, ana gyaran rago, ana suyar kayan ciki, ni ina naɗe wayoyi da azumin da ban ɗauka ba. Da na shiga ciki cire wata waya, na yi kiciɓis da Goggo Yelwa. Su mata a waya suka kalla, da murya da komai.

"Sannu Malam mai azumi," in ji ta. "Mantuwa har da lasar yatsu? Mu dai mun sha nononmu tun asuba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, Dija ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Goggo ta kai wa Baffa maganar da ka yi. Ya ce shi bai ji ba, talabijin ɗin ba ta da murya. Kada ka ɗauka bai gane ba ne, rufa maka asiri ya yi a gaban mutanen da ya yabe ka." Wannan ta fi ta Goggo shiga jikina, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da nake.

Dab da magariba aka yi sallama, ga ƙwaryar fura da nono daga gidan Baffa, wai na buɗa-bakin Malam. Na ce to, an rufe babi. Litinin ta zagayo, ga ƙwarya. Ta gaba ma haka. Har yau ba a fasa ba, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ku gaya mini, da wane ido zan karɓi buɗa-bakin mutumin da ya tsaya mini haka, alhali na ci tuwon rana? Dole na fara ɗaukar niyya, ina yi ina ƙunƙuni. Dija ta ce in daina ƙunƙunin kada ladan ma ya zube.

Abin da na koya shi ne, idan aka miƙo maka abinci a gidan surukai, ka ce ka gode ka ja bakinka ka yi shiru, ko za a yaga maka riga. Ni na ƙara kalma biyu a kai: azumi nake. Ga shi yau Litinin, ko la'asar ba a kira ba, Dija kuma tana kicin tana soya wa yara doya da ƙwai.