Zanin Sama da Zanin Ƙasa

Ƙawayena ne suka matsa sai na rubuta abin da ya same ni ranar Asabar ɗin nan, don labarin ya zaga gidajen biki, kowa yana ƙara masa gishiri, har na ji wata tana cewa wai suma na yi. Ban suma ba. Sunayen jam'iyyun kuwa ba zan faɗa ba, ina da 'ya'ya. Mu ce ɗaya Tulu, ɗaya Faifai.

Ɗana na fari, wanda muke kira Baffa, shekara uku ke nan da gama makarantar koyon aikin lafiya, yana zaune. Kullum sai ya goge kayansa ya fita, ya dawo da yamma ya ce, "Umma, sun ce a dawo." Shi ya ci tuwonsa, ni in kasa. Sai watan jiya Hajiya Lantana, shugabar matan mazaɓarmu, ta samo masa gurbi a takardar sunayen da Honorabul ɗinmu zai miƙa a ɗauki ma'aikatan asibiti. Shi ne na goma sha ɗaya. Na gani da idona, har na shafa wurin.

Ana cikin haka gwamnanmu ya bar Tulu ya koma Faifai. Shekara biyu da suka wuce duk yankinmu 'yan Faifai ne. Bara manya suka yi fushi a kan wani abu da ba a faɗa mana ba, aka kwashe mu zuwa Tulu. Yanzu kuma an huce. Maigidana, da rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, ya ce wannan ba ƙaramin abu ba ne: duk mai neman kujerar shugaban ƙasa, in ƙuri'un yankinmu ba su bi shi ba, to ya haƙura kawai. Wai a da ɗan takarar Tulu ne a gaba, amma tun ranar da gwamna ya tashi, ƙuri'unmu suka koma wa na Faifai.

Na ce, "Malam, yaushe tawa ta koma ban sani ba? Katin zaɓena yana cikin akwati, ko taɓa shi ban yi ba."

Ya ce, "Ke dai ki bi abin da Hajiya ta ce, saboda yaron nan."

Ranar Alhamis Hajiya Lantana ta tara mu a tsakar gidanta. Ta ce ranar Asabar za a yi taron karɓar mu a filin makaranta, kuma babban baƙo zai zo daga Abuja, wakilin ɗan takarar shugaban ƙasa na Faifai da kansa.

Ta ce, "Ku saurara da kyau, ba na son shirme. Kowace ta ɗaura zani biyu: atamfar Faifai a ƙasa, ta Tulu a sama, ta rufe da dogon hijabi. Da makaɗi ya buga ganga sau uku, ku ɗage hijabi, ku kwance na sama, ku wurga tsakiyar fili, ku rangaɗa guɗa. Baƙo ne zai ƙyasta ashana ya ƙone tarin. Akwai wadda ba ta da ɗaya daga ciki?"

Babu. Kowace a cikinmu tana da duka biyun, wasu ma har da na uku.

Maƙwabciyata Inna Tabawa, mai daddawa, ta haura saba'in amma taro bai taɓa wuce ta ba. Ta ɗaga sandarta ta ce, "Lantana, wannan karon shiga muke yi ko fita?"

"Shiga, Inna."

"To, madalla. Don kada in je in yi guɗar fita."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don a lokacin Hajiya ta nuna ni da yatsa. "Ke Azumi, sahun gaba za ki tsaya, daidai masu ɗaukar hoto. Honorabul yana son ya ga iyayen yaran da ke cikin takarda."

Ranar Juma'a sau huɗu ina gwadawa a ɗaki: ɗage hijabi, kwance, wurga. Har autata ta leƙo ta tambaye ni ko kunama ce ta shiga mini zani.

An ce ƙarfe goma na safe. Muka je tun tara. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, babu baƙo babu labarinsa. Ga rana, ga zani biyu, ga hijabi har ƙasa, gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo. Da aka kira Azahar muka shiga wani gida kusa da filin mu yi sallah. To kun san ba a sallah da zani mai hoton mutum, ni kuwa mutum biyu nake ɗauke da su, kowanne ya washe baki. Na kwance su duka na rataye a igiyar shanya, matar gidan ta ara mini nata. Ina sallamewa, ko addu'a ban shafa ba, sai ga jiniya. Mata suka yi waje da gudu. Na ji muryar Hajiya daga ƙofar gida, "Ina Azumi? Azumi!" Na fizgo zannuwan nan, na ɗaura, na ɗaura, na saki hijabi, na fita da takalmi ɗaya a hannu.

Baƙon wani ƙato ne, babbar rigarsa ta sha aiki, ƙamshin turarensa har sahunmu. Ya karɓi abin magana ya yi ta zuba. Ya ce duk ƙasar nan idonta yana kan yankinmu. Ya ce yau mata dubu biyar sun bar Tulu, kuma daga nan zai buga wa maigidansa waya ya ce ya kai ɗinkin kayan rantsuwa, zaɓe ya ƙare.

Inna Tabawa tana gefena, ta ce ƙasa-ƙasa, "Bara ma dubu biyar aka ce. Mu ko haihuwa ba ma yi?"

Na ce, "Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

Ganga ta tashi. Ɗaya. Biyu. Uku.

Wallahi babu wadda ta riga ni. Na ɗage, na kwance, na dunƙule, na jira sauran suka zuba nasu, sannan na wurga nawa da dukkan ƙarfina don Honorabul ya shaida. Ya buɗe a iska ya sauka a can ƙololuwar tarin, ya baje. Na kama hanci na rangaɗa guɗar da ko a bikin ƙanwata ban yi irinta ba.

Baƙo ya sauko daga rumfa, masu hoto suna biye da shi. Aka miƙa masa ashana. Ya ƙyasta, ya sunkuya, sai ya tsaya cak. Ashanar ta ci har ta ƙona masa yatsa. A saman tarin da zai cinna wa wuta, ga maigidan nasa nan shimfiɗe, yana yi masa murmushi.

Ganga ta mutu. Na ga matan da ke kusa da ni suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya, sai na duba jikina. Tulu, tulu, tulu, tun daga ƙugu har idon sawu, ga fuskar ɗaya mutumin a kan gwiwata.

Baƙo ya ce, "Baiwar Allah, matso nan."

Na matsa gabansa.

Hajiya Lantana ta sheƙo tana haki. "Ranka ya daɗe, kuskure ne! Matar kirki ce, tamu ce. Ɗanta ma yana cikin takardar Honorabul."

Da ta bar bakinta a rufe da ya fi mini.

Ya ce, "Wace takarda? A kawo ta."

Honorabul ya zaro ta daga aljihu ya miƙa, bai ko kalli inda nake ba.

"Wane ne ɗanki a nan?"

Ɗan fari ne, ina zan kama sunansa a gaban jama'a? Na sunkuyar da kai. Hajiya ta sa yatsa ta nuna masa. Ya cire biro, ya ɗora bakin biron daidai kan sunan, ya ɗaga abin magana da ɗaya hannun yadda har na bakin titi za su ji.

"Jama'a, kun gani ko? Abin da ya sa maigida yake kasa barci a kan yankin nan ke nan! Yau kuna nan, gobe kuna can. A ƙirga ku da safe, kafin la'asar kun zube. Mutum ba shi da alƙibla, ba shi da amana, da me za a ci zaɓe?" Ya juyo kaina. "Ke, kafin in soke sunan nan, faɗa wa jama'a wanda ya turo ki. Wa ya ba ki wannan zanin?"

Na san amsar sarai. Amma na duba na ga amsar ta fi shirun haɗari. Na ce, "Ranka ya daɗe…" Idona yana kan biron nan, ina ganin shekara ukun Baffa a ƙarƙashinsa.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar Inna Tabawa. Ta zo ta tsaya tsakanina da shi, ta ɗaga kai tana ƙare masa kallo.

"Ɗan nan, matso mini da abin maganar, muryata ba ta da ƙarfi."

Ya ce, "Inna, kin san wanda ya ba ta?"

"Na sani mana. A gabana aka yi."

Fuskarsa ta washe. Ya duƙa da kansa ya kai mata abin maganar har baki. "Yawwa, Inna. Faɗi kowa ya ji, kada ki ji tsoron kowa."

Inna ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya.

"Kai ka ba ta, ranka ya daɗe, da hannunka, bara a filin nan. Ka yi mata haƙuri, ba kowa ne ya kai ka saurin cirewa ba."