Gagara-Gyara da Mataki na Huɗu

Duk kamfanin jigilar kayan nan babu mai alƙalami irin na Shugaban Sashen Rubuce-rubuce, wanda ma'aikata ke kira Gagara-Gyara idan ya ba da baya. Mutum ne da ko tari ya yi sai ya sa masa aya. Ga shi yayan mijin manaja, abin da ya ƙara wa iliminsa kauri.

Da aka sayo manhajar gano matsala a rumbun bayanai, shi ya rubuta jagorar girka ta. Rubutu kamar a lasa. Illa dai mataki na huɗu ya ce a jona manhajar da rumbun da ake aiki da shi, maimakon na gwaji.

Injiniyoyi suka shigo ofishinsa a ladabce suka nuna masa. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Ku yaran zamani ba kwa karatu. Idan rumbu ya saɓa wa jagora, rumbun za a gyara."

Duk da haka, saboda tawali'u, ya sake duba aikin. Ya ƙara waƙafi, ya sauya launin kanun shafi, ya bar mataki na huɗu yadda Allah ya halicce shi.

Da manaja ta ji ƙorafi ya yi yawa, ta ce, "Yaya, ko za a ɗan gwada tukuna?"

"A gaban kowa ma kuwa!"

Aka taru a ɗakin taro. Ya naɗe hannun riga, yana karanta rubutunsa da ƙarfi yana gyaɗa wa kansa kai. Yana danna mataki na huɗu, rumbu ya daskare. Adireshin masu kaya ya ɓace daga wayoyin direbobi, motoci suka yi cirko-cirko a harabar kamfani, waya ta dinga ruri. Manaja ta dafe kai. Sai bayan azahar injiniyoyi suka farfaɗo da rumbun, gumi sharkaf.

Gagara-Gyara ko gezau. Washegari ya tara ma'aikata.

"Gwajin da na yi da jarumta ya bankaɗo mummunan kuskure a jagorar nan. Wajibi ne a gano wanda ya jefa mu cikin wannan abin kunya."

Nan take ya kafa kwamitin bincike, ya kuma sadaukar da kansa ya shugabance shi. Har yau suna zama kowace Talata, ana raba lemo. An ce sun kusa kama injiniyan da ya ga kuskuren bai dage ba.