Telan da Ya Kafa Makarantar Jinya

Duk wanda zai lissafa manyan da suka yi wa harkar lafiya hidima a Kano ya tsallake Alhaji Gwadabe Tela na Ƙofar Wambai, to a duba masa ido. Bawan Allah ne da ya shekara arba'in yana ceton rayuka ba tare da ya sauka daga kan keken ɗinkinsa ba. 'Yan kasuwa na kiransa Dakta Almakashi, matasan layin kuma Farfesan Bakin Zare. Duka yana amsawa, don shi mutum ne mai tawali'u, ba ya mayar da hannun kyauta baya.

Asalin wannan ɗaukaka kuwa, shekara arba'in da suka wuce aka buɗe wata 'yar makarantar koyon aikin jinya a bayan wani asibiti. Ɗaki biyu ne, allo ɗaya, ɗalibai mata goma sha ɗaya, sai wani ƙwarangwal na roba da ba shi da hannun hagu. Yau makarantar ta koma ƙarƙashin jami'a, ta zama tsangaya guda mai benaye, ana ba da digiri har da digirgir, ɗalibanta sun bazu asibitocin gida da na waje. To a can farkon, Gwadabe aka kai wa ɗinkin fararen rigunan rukunin farko. Da shekaru suka tura, sai ya gano cewa ashe shi ne ya kafa makarantar.

"Ku tsaya in fahimtar da ku," yakan ce wa masu zaman benci a ƙofar shagonsa. "Mece ce nas? Farar riga ce. Cire rigar, me ya rage? 'Yar zuwa dubiya. Su allura, ni allura. Su ɗinki, ni ɗinki. Bambancinmu ɗaya: ni abin da na ɗinka bai taɓa yin ihu ba."

Ilimi kuwa ba ya rowarsa. Ka kawo gyaran wando, sai ya zagaya maka tef a ƙugu, ya girgiza kai cikin jimami, ya ce, "Jininka ya hau da inci biyu. Ka rage man ja."

Ana nan sai rediyo ta sanar da bikin cikar makarantar shekara arba'in. Gwadabe ya jira tawaga ta zo ta same shi, har sati biyu shiru. Ya yi musu uzuri, ya ce nauyinsa suke ji. Ya zuba babbar riga ya tafi da kansa ofishin Dakta Mardiya, malamar da ke shugabantar kwamitin biki. Awa biyu yana ba ta tarihin wurin da take aiki. Daga ƙarshe ya kawo shawara a sa wa sabon ginin sunansa.

"Amma kada a sa Alhaji," ya ce. "Zauren Gwadabe kawai. Ba na son riya."

"To Baba, za mu duba," in ji ta. Ta miƙa masa katin gayyata irin na kowa, ta ƙara da cewa idan yana da wani tsohon abu na wancan zamani ya kawo, ana baje kolin kayan tarihi.

Ita ta ce za a duba, shi kunnensa ya ji an gama. Kafin la'asar labari ya kai kasuwar Kurmi cewa za a sa wa bene sunan Dakta Almakashi.

Zancen kayan tarihi kuwa ya tuna masa wani akwatin ƙarfe da ke can saman shago, an rubuta NAS a jikinsa da jan fenti. Makullin ya ɓata tun ba a haifi babban ɗansa ba. Abin da ke ciki ya kwanta masa, amma ya tabbata ba zai wuce samfurin rigar farko ba da takardun yabo. Matarsa Hajiya Dije ta ce, "Alhaji, da ka fasa ka duba tukuna. Ku likitoci ai ku kuke cewa rigakafi ya fi magani."

"Tarihi ba a buɗe shi a ɗaka, Dije. Sai gaban jama'a."

Ranar biki ya iso da akwatin, da bas biyu cike da 'yan kasuwa. An ajiye masa kujera a layi na uku, ya gane kuskure ne, ya gyara musu, ya hau babban tebur ya zauna. Aka ba shi minti biyar, ya ci ashirin da biyar. Gangar da ta cika zaƙi dai an san ƙarshenta.

"Da wannan hannun na suturta ilimin jinya a ƙasar nan," ya ce. "Ga shaida. A kawo guduma!"

Aka fasa kwaɗon. Wari ya tashi, kyankyasai suka yi ta kansu. A ciki ƙunshi goma sha ɗaya ne na farin yadi da ya koma ruwan ƙwai, an yanka, ko zare ɗaya ba a soka ba. Kowane ƙunshi da 'yar takarda maƙale. Mai gabatarwa, cikin rashin sani, ya ɗauki ta sama ya karanta a lasifika: "Asibi Yusuf."

Wata dattijuwa ta miƙe daga layin gaba tana dogara sanda. Hajiya Asibi ce, 'yar rukunin farko, wadda rabin mutanen zauren ita ta koya musu riƙe sirinji. Ta hau dandamali a hankali, ta warware yadin, ta juya shi gaba da baya.

"Malam Gwadabe, ba wannan ne yadin da ka rantse mana ɓarayi sun kwashe ba? Mu da kanmu muka yanka zanen gadon asibiti muka ɗinka da hannu. Ranar da aka yaye mu, lambar ɗakin haihuwa ce rubuce a bayan rigata."

Zaure ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. 'Yan bas biyun nan su suka fi kowa riƙe ciki. Gumi ya keto wa Farfesan Bakin Zare ta ƙarƙashin hula.

Hajiya Asibi ta kara yadin a jikinta, bai rufe ko rabinta ba. Ta dube shi ta saman tabarau.

"To alhamdulillahi, tunda kaya sun fito. Yaushe zan aiko a karɓa?"

Makirufo na nan a saitin bakinsa. Kafin ya yi tunani, harshe ya riga shi, lasifika ta kai wa kowa:

"Hajiya, ki bari sai jibi. Saura maɓalli kawai."