Ranar da Kompilater Ya Share Aikina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Ramatu ta shigo ajina ba. Taubashiyata ce, ɗiyar kawuna na Tabla, kuma ni na fara koya mata kunna ordinater, wato kwamfuta. Ta tafi Yamai karatu, ni na zauna Filinge ina koyar da informatik, ilimin kwamfuta, a lise, wato babbar sakandare. Da ta dawo hutu, sai gari ya ɗauka cewa daga ɗakinta take aiki da masu ƙera kompilater na ƙasashe daban-daban. Darektanmu ya gayyace ta ta yi wa ɗalibaina jawabi, har ya sa aka share ajin. (Ɗalibaina fa. Shekara shida ina wurin, bai taɓa sa an share ajin saboda ni ba.)

Ta ce kompilater tafinta ne, shi ke mai da abin da muka rubuta zuwa harshen na'ura. Aikinta kuwa rubuta masa bayanin umarni: malloc aron wuri yake yi cikin ƙwaƙwalwar na'ura, free kuma mayar da aron yake, ban da haka ba su taɓa komai. Sai ta zo kan vektor. Maimakon na'ura ta tara lambobi ɗaya-ɗaya, sai ta kwashi takwas a tashi guda, kamar mai auna gero da tiya a madadin ludayi.

Yaran da ke gyangyaɗi a darasina suka dinga ɗaga hannu. Darekta na gyaɗa kai kamar ya gane. Ni ina tsaye bakin taga, zuciyata na tafasa, ina murmushin da har kumatuna suka yi ciwo.

"Taubashiya," na ce, "wanga vektor naku ado ne. Kowa ya rubuta shirin tara lambobi miliyan ɗari, mu ga wa za ya riga."

"Yaya, mu bari sai mun je gida," in ji ta.

Na ɗauka tsoro ne, sai na dage. Muka zauna, na'ura biyu iri ɗaya, ana haska allonmu a bango. Nata ya ɗan yi jim, sannan ya fito da jimla da lokacin da ya ɗauka. Na danna nawa. Lokaci: sifili. Ko ƙiftawar ido bai kai ba.

Aji ya ɗauki tafi. (Allah Ya yafe mini, har jawabi na yi. Na ce ilimi ba sai an je Yamai ba, kuma wanda ya koya maka ba ya koya maka duka.)

Ramatu ta jira tafin ya lafa. "Yaya, ina jimlar? Mi ta bada?"

Na duba allo. Babu. Garin gaggawa ban rubuta layin da zai nuna amsa ba.

"Ka ari wuri, ka zuba lambobi, ka tara, ka maida wurin, ba ka tambayi amsa ba," ta ce a hankali, kamar mai gaisuwar mara lafiya. "Kompilater ya san malloc aro kawai yake. Da ya ga ba mai buƙatar amsar, sai ya share duka."

Ta buɗe abin da aka fassara wa na'ura. Layi biyu ne, ma'anarsu: tashi, koma. Na ƙara layin amsa, na sake dannawa. Muka jira. Nata ya ninka nawa gudu.

Darekta ya gyara tabarau, ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake kiran malamai da shi a wajenmu. "Mushe, in na gane daidai, ɗazu ka ci ne don ba ka yi komi ba?"

Ba wanda ya yi dariya sai da na juya baya. Kafin ranar kasuwa, sunana ya zama Mushe Sifili, har mai sayar mini da kilishi ya sani. Kwana uku ina kauce wa hanyar Tabla. Ran na huɗu na hau babur na je da littafi, Ramatu ta koya mini vektor a gindin rumbun kawu, ba ta tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi mini zafi.

Kishin bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yanzu, kafin in tashi in yi jawabin nasara, nakan fara dubawa ko na yi aikin.