Yadda Aka Cire Mini Aljanun Indiya da Sin

Ba zan taɓa mantawa da dogon hutun shekarata ta biyu a jami'a ba. Na tafi gida Ajingi da niyyar kowa ya san na dawo, aka kuwa sani, har fiye da yadda na so.

A shekarun saba'in ne, zamanin wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu. Na tara suma har hula ba ta zama. Ina sashen zane-zane, kuma a shekarar aka fara koya mana tarihin zane da sassaƙa na ƙasar Indiya da ƙasar Sin. Kai, abin ya shiga raina! Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, sai ga ni ina zancen kogwannin dutse da aka sassaƙe a Indiya kamar a can aka yanke mini cibiya. Ko a hanyar dawowa sai da na sauka a Gaya na nemi wani Ba'indiye mai koyar da lissafi, wanda mutane suke kira Malam Ramanu, don kawai in ba shi labarin ƙasarsu. Bawan Allah ya ba ni shayi, ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce shi bai taɓa zuwa wuraren nan ba. Na fito ina tausayinsa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani tun yanzu. Baba ya ɗauka zanen da nake koyo shi ne zanen taswirar gidajen gwamnati da hanyoyi. Ni ban faɗa masa haka ba, amma ban gyara masa ba. Mutum ne da ko hoton kalanda ba ya bari a rataya a zaurensa. Ranar da duk ya ji cewa gumakan wasu mutane nake zanawa, ko da kuwa aikin hannun kawai muke nazari, ranar boko ya ƙare mini, sai gonar gyaɗa.

To, malamarmu Baturiya ta haɗo mu da aikin hutu. Za mu haddace sunayen gidajen sarautar Sin bi da bi, mu kuma zana wasu sassaƙe-sassaƙen Indiya, domin da an koma jarrabawa za a yi. Haddar ba ta ba ni tsoro ba, ai na yi makarantar allo. Kullum da an tafi gona sai in zauna a ɗaki ina rangaji ina rerawa da ƙarfi: "Shang, Jau, Cin, Han, Tang, Sung, Ming! Shang, Jau, Cin, Han!" (Ku gwada faɗa da sauri, ku ji abin da uwa za ta ji daga bayan ƙofa.)

Zanen ne ya ba ni wahala. Akwai wani mutum-mutumi mai rawa, tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a ɗage, yatsu a lanƙwashe. Na zana na goge har takarda ta huje. Babu babban madubi a gidanmu, sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mai ƙarar kwana. Gab da magariba inuwar mutum takan fito sosai a jikin katangar bayan gida, gefen wata tsohuwar tsamiya. Sai in tuɓe riga, in tsaya da ƙafa ɗaya, in murɗe hannuwa, in ƙura wa inuwata ido, sannan in ruga in zana kafin in manta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san su wane ne suke gindin tsamiya da almuru. Ni ma na sani, boko ne ya mantar da ni.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗar sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Gwaggo Asabe, yayar Baba, ita ce bakinta. Wata rana ta tare ni.

"Kai ɗan nan, da wa kake magana a ɗaki?"

"Karatu ne, Gwaggo."

"Karatun me? Ba na Muhammadiyya ba ne, kuma na ji yara suna Turanci, ba haka suke yi ba."

Na yi murmushi irin na masu ilimi na ce, "Sai a hankali, Gwaggo, abin da zurfi."

Ashe an riga an ɗaga tabarmata, inda nake ɓoye zane-zanena. An ga mutum mai hannu huɗu, an ga mutum mai kan giwa, an ga wani rubutu da nake kwaikwayo da buroshi daga sama zuwa ƙasa, ba ajami ba, ba boko ba. Shari'a ta ƙare tun ban san an shigar da ƙara ba. Na dai lura an fara kawo mini kunu mai ɗanɗanon tawada, na kuma lura yara suna gudu idan na fito, amma na ɗauka kwarjinin jami'a ne.

Wata safiya ina cikin "Tang, Sung, Ming", sai ƙarti huɗu suka shigo da sallama. Kafin in amsa, na ji ni a sama. Suka dire ni a tsakar gida a kan tabarma. Ga Baba zaune, ga Kawu Sale ƙanin Inna, ga maƙwabta cike da zaure, mata suna leƙe ta kan katanga. Ga kuma wani dattijo da aka ɗauko daga Gafasa, Malam Ilu, wanda ya yi suna wajen raba mutane da iska. Kaskon wuta yana gabansa, zane-zanena suna gefe an danne su da dutse, don kada su tashi.

"Baba, lafiyata ƙalau!" in ji ni.

Malam Ilu ya gyaɗa kai ya ce, "Haka suke cewa."

Baba ya ɗaga zanen mai kan giwa da yatsu biyu, ya dube ni. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Wannan abu, ganinsa kake yi, ko kuwa a makarantar ake koya muku? In a can ake koya muku, wallahi ka gama, ba ka komawa."

Gaba kura, baya siyaki. In na faɗi gaskiya, ni lafiyayye ne amma ba jami'a. In na yi shiru, ni mai iska ne, iska kuwa ana warkewa. Na tuna jarrabawa, na tuna gonar gyaɗa, na tuna yadda bayana yake yi idan na yini a duƙe. Jama'a, ni ɗalibin jami'a, mai takalmi mai tudu, sai na juya idanuna sama, na maƙale murya na ce, "Shaaang!"

Mata suka ɗauki salati. Aka lulluɓe ni da mayafi, aka turo kasko.

"Kai wane ne?" in ji Malam Ilu. "Daga ina ka fito?"

"Indiya," na ce da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

"Me yaron nan ya yi maka?"

Nan fa ɗaya. Ban shirya labari ba, don haka na koma wa abin da na iya: "Jau, Cin, Han, Tang!"

Malam Ilu ya juya wajen Baba. "Baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Ni kuwa ba na aiki da ka. Sai an san abin da yake so."

Da Kawu Sale ya yi shiru, da abin ya tsaya iyakar unguwarmu. Amma Kawu mutum ne mai son taimako. Ya yi zumbur ya ce, "Ai akwai ɗan garinsu a Gaya! Malam Ramanu! Bari in ari babur."

Na so in ce aljanin ya fasa, ya tafi da kansa, amma wa zai saurare ni? Tun hantsi nake ƙarƙashin mayafi ina gumi, ina addu'ar taya ta fashe, ko a tarar ya tafi Kano. Bayan azahar na ji ƙugin babur. Aka yaye mayafin, sai ga Malam Ramanu tsaye a kaina da farar riga da alƙalami a aljihu, mutumin da na zauna a falonsa na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina koya masa tarihin kakanninsa. Ya dube ni, ba riga, ido ja, suma cike da toka. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ya gaida Baba da 'yar Hausarsa, ya tsuguna, ya yi mini wata doguwar magana da harshensu. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Kowa yana jiran amsa. Na rufe ido na ce, "Sung. Ming."

Ya ƙura mini ido. Na ga leɓensa yana rawa. Ya miƙe ya ce wa jama'a, "Wannan ba namu ba. Wannan na Sin."

"Allahu Akbar!" in ji Malam Ilu. "Su biyu ne ke nan!"

Gwaggo Asabe ta ɗora hannu a ka. "Na faɗa! Na ce muryar safe daban, ta yamma daban!"

Malam Ramanu ya sake tsugunawa, ya kawo bakinsa kusa da kunnena, ya tambaye ni da Turanci a hankali wace irin hauka ce wannan. Ni ma a hankali, ina jijjiga jiki don kada a gane, na zayyana masa komai: Baba, gumaka, jarrabawa, gonar gyaɗa. Na ce ya rufa mini asiri don girman Allah. Ya ciro hankici ya toshe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa, hawaye suna zuba. (Har yau akwai masu cewa kukan tausayi ya yi, saboda ya ji muryar gida.)

Da ya samu kansa, sai ya miƙe ya yi tafinta. Ya ce na Indiyan ya yi magana a madadin su biyun. Ba mugaye ba ne, ɓatan hanya suka yi, a ɗakin littattafan jami'a suka biyo yaro. Za su fita yau, amma da sharaɗi: lalle yaro ya koma can da ƙafarsa ya gama abin da ya fara, in ba haka ba za su dawo su tare a gidan nan da iyalansu.

"Zai koma!" in ji Baba da sauri. "Ko gobe suke so, zai koma!"

Daɗi ya kama ni har na kusa yin godiya da muryata ta gaskiya. Na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba, domin kowa ya san iska ba ta fita sai da atishawa. Malam Ilu ya ce, "To, bismilla, ku kama hanya." Jama'a suka zuba mini ido. Na yi ƙoƙari, na shaƙi iska, na motsa hanci, atishawa ta ce ba ta san zancen ba. Na ƙirƙiro wata, ta fito kamar tarin akuya. Malam Ilu ya girgiza kai ya ce taurin kai ne irin na baƙi, ya buɗe wani ƙullin tsumma, ya barbaɗa a kasko, aka mayar da mayafi.

Barkono ne.

Ban san iya atishawar da na yi ba. Na yi ta Indiya, na yi ta Sin, na ci gaba. Gwaggo tana daga gefe tana cewa, "Ga wani nan! Ga wani kuma! Ashe gari guda ne a jikin yaron nan!" Ƙartin da suke riƙe da ni suka fara tasu, Kawu Sale ya kama, Malam Ramanu ya ruga zaure yana yi yana dariya, har shi Malam Ilu sai da ya saki guda biyu, ya ce wannan ta wucewarsu ce.

Da hayaƙi ya lafa, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, da muryar da ban taɓa jin ta faɗe shi ba. Inna ce, a gaban kowa, ta manta da kunyar ɗan fari, ta riƙe fuskata tana kuka tana tambaya ko na gane ta. Nan dariyar da nake dannewa ta mutu, kunya ta gaske ta rufe ni. Na ce, "Na gane ki, Inna." Aka yi guɗa, aka dama fura, aka kira wanzami ya kwashe sumar nan tas.

Na koma jami'a da ƙwaryar molo da layu biyu, na ci jarrabawar, na yi shekaru ina koyar da wannan darasi har na yi ritaya. Inna ta koma ga Allah tana alfahari da ranar da aka ceto ɗanta, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin ɓata mata labarin ba.

Abin da na koya shi ne, idan gari ya haɗu a kan ba ka da lafiya, kada ka tsaya musu, yi sauri ka warke. Sai dai ka sani warkewar ba ta ƙarewa. Yanzu da furfurata da jikokina, in mura ta kama ni ba na zuwa Ajingi, domin ko a zaman makoki na yi atishawa, sai wani tsoho ya matsa gefe ya ce, "Allah ya raka taki gona."