Rasuwar Taswirar Aji Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kai kuma a sunkuye, ni Malam Tukur nake sanar da iyaye da ɗalibai rasuwar Taswirar aji biyar, wadda ta cika ranar Laraba a tsakar gidana.

'Yan safiyo ne suka bar mana ita da suka gama auna tuddan Maradun, kafin a tare ruwan Bakolori. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan waɗanda aka tasa ne, garuruwansu suna ƙarƙashin ruwa, ba su da inda za su nuna su ce nan aka haife su sai a jikinta. Marigayiya mai haƙuri ce. Yatsu masu maiƙon ƙuliƙuli sun bi ta, ba ta taɓa ƙorafi ba in ban da ƙaras-ƙaras ɗin da take yi idan ana warware ta. Ta san kowane tudu da kwazazzabo, har tungar da bukka uku ce kawai ba ta raina ba.

Da rufin aji ya fara yoyo, na kai ta gida don ta tsira. A nan surukata, da ta zo mana kwana biyu, ta ga bayan Taswirar yadi ne, ta shimfiɗa ta a rana ta baza kuɓewa. Na shigo na gani. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe ta.

"Malam, wagga tabarma taka akwai riƙe rana," in ji ta.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Wa zai ɗaga ido ya ce wa uwar matarsa ta kwashe shanya? Ina jiran maiɗakina Taiba ta dawo daga barkar haihuwa ta faɗa mata, akuya ta riga mu. Ta cinye kuɓewa, ta haɗa da duwatsun gabas da gulbin gaba ɗaya.

Taswira ta rasu ta bar sandar nuni, da ƙusa guda a bango, da yara cike da aji.

Za a binne abin da ya saura gobe da hantsi a gindin darbejiyar makaranta. Kada a zo gida gaisuwa, domin Inna ba ta sani ba har yanzu. Ɗalibata Larai 'yar Tungar Buba ce za ta ɗauki gawa. Ta duba guntayen ɗaya bayan ɗaya, ta gane garinsu ba ya ciki, akuya ta haɗa da shi.